Rigar Malam Dabo a Cikin Kaset

Shafi na 23

An kawo wuta bayan azahar, shi ya sa kitson Haulatu ya tashi daga tsakar gida ya koma falon Hadijatu.

Ba da son ranta ba. Inna Laraba mai kitso ce ta ce ita ba za ta ƙara kama gashi ko ɗaya ba sai a gaban talabijin. Rabin kan Haulatu kuwa a tsefe yake, don haka ta ɗauki tabarmarta ta bi.

Falon na Alhaji Ya'u ne, mijin Hadijatu, ƙanen marigayi Malam Dabo mijin Haulatu. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a ya ɗauki yaƙi da fim ya ɗora wa kansa, ba tare da wani ya roƙe shi ba. A majalisa yana yi, a wurin suna yana yi, har a zaman makoki. Bidiyon da ke ƙarƙashin talabijin ɗinsa na wa'azi ne kawai, in ji shi. Yau ya tafi kasuwar Zango, bidiyon ya samu hutu.

"Sabo ne dal," in ji Adawiyya, ƙanwar Hadijatu da ta zo hutu daga Kano. Ta zaro kaset daga cikin hijabi kamar mai fasa-ƙwauri. "Ko a Kano sai ka yi layi."

"Me aka yi a ciki?" in ji Haulatu.

"Soyayya."

"Na makon jiya fa?"

"Shi ma soyayya."

"To ki mayar mana da na makon jiyan mana, ko kaset ɗin ya huta da tafiya."

"Ni dai na makon jiya ya taɓa ni," in ji Inna Laraba, ta danna kan Haulatu ƙasa. "Yarinyar nan da ta rasu a asibiti. Sai da na yi ƙwalla."

"Da jan baki ta rasu, Inna," in ji Haulatu. "Wai ta daɗe tana jinya, amma ko kwallinta bai goge ba. Ni na yi jinyar Malam. Na san yadda fuskar mai ciwo take."

Hadijatu ta yi saurin karkatar da zancen.

"Ai na da sun fi, Yaya. Kin tuna waɗanda muke kallo a talabijin ɗin gidan maƙwabta muna 'yan mata?"

"A na da in an ce talaka, talaka za ki gani," in ji Haulatu. "Da kaushi a ƙafa. In an kawo tuwo ci yake, ba wasa da cokali ba. Yanzu kuwa wai ɗan mai gadi ne, amma agogon hannunsa zai sayi gidan da yake gadi."

"Na Indiya na da fa?" in ji Hadijatu. "Ba ma jin yaren, amma mu yi ta kuka."

Adawiyya ta kwashe da dariya. "Kuna kuka ba ku san me aka ce ba?"

"Hakan ya fi sauƙi," in ji Haulatu. "Yanzu muna jin abin da ake cewa. Matsalar ke nan."

"Ke dai Yaya Haule ba a burge ki."

"Sa kaset ɗinki."

Aka sa.

Saurayi ya haɗu da budurwa a bakin shago. Ta yar da littafi, ya ɗauka. Kafin ya miƙa mata sun tsinci kansu a cikin wani lambu suna zagaya bishiya.

"Yanzun nan ba shuɗiyar atamfa ce a jikinta ba?" in ji Inna Laraba.

"Ta sauya, Inna."

"A ina?"

"Haka ake yi a waƙa."

"A bayan bishiya ta sauya, da namiji a tsaye?"

"Ba ta ko yi masa sallama ba," in ji Haulatu. "Ba ta san gidan ubansa ba. Amma ta san amshin waƙarsa."

Tana faɗin kalmar sallama ta tuna da wata sallamar.

Da safen nan an yi mata sallama daga zaure. Ta san muryar. Ta ci gaba da tankaɗe, ba ta amsa ba. Aka sake, aka kuma sakewa, sannan ta ji takalmi ya juya.

Saminu ne. Ɗanta na fari, wanda tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Kunyar ɗan fari. In ta matsu sai ta ce yaron nan, ko wancan.

Bayan ta fita takaba aka buɗe akwatin Malam don rabon gado, aka nemi babbar rigarsa ta Sallah aka rasa. Fara ce, saƙi, aikin hannu, wadda ya gada a wurin mahaifinsa. Alhaji Ya'u ya ce ba mai kwana kusa da ɗakin da akwatin yake sai Saminu. Yaron ya rantse. Ya dubi uwarsa.

Mace mai tarbiyya ba ta tsaya wa ɗanta na fari a gaban dangin miji. Haulatu tana da tarbiyya. A gaban liman da kowa ta ce kada ya sake taka mata ƙofa sai da rigar a hannunsa.

An yabe ta ƙwarai. Yabon ya yi mata daɗi har zuwa magariba.

Alhaji Ya'u ya karɓe makullin shagon uban daga hannun yaron. A Daura kuwa ba mai ɗaukar wanda ya saci rigar mamaci aiki. Ya koma Zango wurin kawunsa yana cin abincin tausayi.

"Ga mugun nan ya fito," in ji Adawiyya. "Shi ne zai ƙwace ta da kuɗi."

Wani ƙaton mutum ya fito daga mota da tumbin da aka yi da matashin kai. Kowa ya ga matashin, har kusurwarsa ta turo. Ya yi dariyar mugunta wadda ba a taɓa jin wani mugu na gaske ya yi ba.

"Ji wannan," in ji Hadijatu. "Kullum mai kuɗin fim sai ya yi dariya kafin ya yi magana."

"Ko rigar bai iya sawa ba," in ji Inna Laraba. "Dubi yadda take jan ƙasa. Ba tasa ba ce."

Haulatu ta buɗe baki za ta ƙara nata.

Mutumin ya ɗaga hannu ya wurga reshen rigar kan kafaɗarsa ta hagu. Cikin rigar ya bayyana. A jikin farin akwai wani ɗan ƙyalle kore.

"Tsaya."

"Yaya?"

"Adawiyya, tsayar da shi. Koma baya."

"Haule, kada ki motsa mini kai, layi zai karkace."

"Sake ni, Inna."

Ta rarrafa har gaban talabijin, tsinken kitso a soke a gashinta. Adawiyya ta koma baya. Mutumin ya sake fitowa daga mota, ya sake dariyar, ya sake wurga rigar. Hoton ya tsaya yana rawa.

Faci ne. Koriyar atamfa mai zanen 'yan tsuntsaye.

Wata safiyar Sallah tana turara rigar, garwashi ya yi tsalle daga kasko ya huda ta. Ana shirin tafiya idi, ba farin ƙyalle a gidan. Ta yanki bakin zanenta ta toshe ta ciki. Malam ya duba ya yi dariya ya ce ai yanzu da ita zai riƙa zuwa idi. Har ya rasu yana naɗe wannan reshen ta ciki, ba wanda ya taɓa gani a waje.

Yanzu ga shi a kafaɗar mai tumbin matashi, duk ƙasar Hausa na kallo.

"Rigar Malam ce," ta ce.

"Haba Yaya, riguna na kama."

"Zanena ne a jiki, Dije. Da hannuna na ɗinka."

Adawiyya ta saki kaset ɗin ya ci gaba don ba ta san me za ta yi ba. Mutumin ya durƙusa a gaban budurwar, rigar ta sha ƙasa. Ya ja bakin rigar ya share gumi. Aka saki kiɗa, ya fara juya ƙugu.

Rigar da ta yi sahun gaba a idi tun kafin a haifi wanda ya rubuta wannan shirmen.



Sai ga gyaran murya a ƙofa.

"Innalillahi! A gidana?"

Alhaji Ya'u ne, kasuwa ba ta yi ba ya dawo da wuri. Hadijatu ta miƙe tana laluben ɗankwali. Adawiyya ta tsayar da hoton ta tura na'urar sarrafa bidiyon cikin hijabi.

"Ni ina can ina faɗa wa mutane su tsare iyalinsu, ashe a falona ake..."

"Alhaji," in ji Haulatu, ba ta juyo ba. "Zo ka duba."

Ya duba.

Ta ga fuskarsa a jikin gilashin talabijin. Fuskar ta faɗi, sannan ya yi maza ya ɗauke ta ya gyara.

"Allahu akbar," ya ce a hankali. "Yaya, kin gani da idonki. 'Yan fim ya sayar wa. Rigar ubansa. Ni da ma na san ba a Daura ya sayar ba."

Haulatu ta zauna daɓas.

Ashe a ƙasan ranta tana ajiye da wani ɗan fata ba ta sani ba. Sai da aka taka shi ta ji.

"Ku ciro mini kaset ɗin," in ji Alhaji. "Hujja ce. Ni zan ajiye."

"A bari ya ƙare mana," in ji Inna Laraba. "Mu ga ko ya aure ta."

"Inna, da girmanki?"

"Da girmana na fara kallo, da shi zan ƙarasa."

"Na ce a ciro!"

Ya yi wurin bidiyon da sauri. Saurin ya yi yawa. Mutumin da ke ɗaukar rabin yini kafin ya sauko daga mota, shi ne ya tsallake tabarma da ƙafa ɗaya.

Haulatu ta lura. Ta sa hannu ta dafe bakin bidiyon.

"Adawiyya, sake shi."

"Yaya, ki ɗauke hannunki."

"Hujja ka ce. Mu ga hujjar duka."

Hoton ya motsa. Waƙa ta ƙare. Aka nuna wani gida mai jan ƙofa, da bishiyar mangwaro, da rijiya a gefe. Bayan katanga gero ya yi kore shar, ya kai kafaɗar mutum.

"Ikon Allah," in ji Hadijatu. "Wannan kamar gidan gonarmu na hanyar Zango."

"Gidajen gona duk ɗaya ne," in ji Alhaji.

"Da bokitinmu mai ɗaurin waya?"



Wurin ɗaurin aure ne a fim ɗin. Mai tumbin matashi yana zaune a kujera, abokan ango sun kewaye shi. Sai wani ya ratso taron, da baƙin tabarau, ya ja hula har gira. Yana tafiya yana ɗan jefa ƙafar dama. Ya tsaya, ya kalli mai ɗaukar hoto kai tsaye, abin da ko yaro ya san ba a yi, ya yi gyaran murya.

Gyaran muryar da aka yi a ƙofar falon ɗazu.

"Ranka ya daɗe, amarya ta iso," in ji mai tabarau.

Sannan idonsa ya sauka kan kafaɗar angon. Ya miƙa hannu, ya kama reshen rigar, ya naɗe koren facin ya tura ciki. Yadda Malam yake yi. Yadda sai ɗan gida zai san a yi.

Adawiyya ta tsayar da hoton a kan hannun.

Inna Laraba ta dubi talabijin, ta dubi Alhaji, ta sake duban talabijin.

"Wannan dai ya iya," ta ce. "Shi kaɗai na ga ya san darajar riga."

"Mutane na kama," in ji Alhaji.

"Da hular da na wanke maka?" in ji Hadijatu. "Alhaji, ko a buhu aka sa ka na san tafiyarka."

"Ke rufe mini baki."

"Ranar ka ce ka je duba taki."

Ya zare hularsa ya mayar.

"To. Na shiga. Na shiga ne in ga ɓarnar da idona. Mutum ba ya yaƙar abin da bai sani ba."

"Har da tabarau," in ji Inna Laraba.

Haulatu ba ta yi dariya ba. Ta nuna bayan katangar da ke cikin hoton.

"Gero a tsaye, Alhaji. Damina ce. Ina cikin takaba, makullin akwatin Malam na hannunka. Ba a buɗe shi a gaban mutane ba sai da aka yi girbi."

Ta juyo ta dube shi.

"Ka taɓa rigar da hannunka kafin ka ce an sace."

"Yaya, ki saurara."

"Ina ji."

"Aro suka yi. Haka suke yi, su ari gida, su ari mota, su ari kaya, sai su ba mai abin ɗan wuri ya fito a fim ɗin. Na yini ɗaya ne. Ɗan iskan nan ya wuce da ita Kano. Na aika, na sake aikawa, wai tana wurin wani fim ɗin."

"Wani fim ɗin," in ji Haulatu.

"Sun ce za su dawo da ita."

"Sai ka ce yaron nan ne."

"To me kike so in ce?" Ya buɗe hannuwa, da gaske yake tambaya. "A gaban liman? In ce na ba 'yan fim aron rigar yayana, ko arba'in... ko takabarki ba ki gama ba? Ni? Kin san matsayina a unguwar nan."

"Shi fa?"

"Shi yaro ne. Yaro yana mantawa. In abin ya lafa zan mayar masa da shagon, da ma niyyata ke nan."

Haulatu ta dube shi sosai.

Duk yinin nan ana zagin mugun fim saboda dariyarsa da tumbinsa na ƙarya. Ga na gaske a gabanta, ko dariya bai yi ba. Yana ma jiran a tausaya masa.

Abin da ya fi tayar mata da zuciya, ba shi kaɗai ya yi ba. Shi ya kawo ƙaryar, ita ta sa mata hannu, aka tafa mata.

"Kai ka fi su iyawa," ta ce. "Su ko matashin ba su iya ɓoyewa ba."

"Yaya, maganar nan ta tsaya a falon nan. Gida ɗaya muke. A ba ni kaset ɗin."

Ta danna bidiyon da kanta. Kaset ya fito da ɗumi. Ta ɗaure shi a bakin zani.

"Dije, a samo wanda zai je Zango yanzu. A ce wa yaron nan ya zo."

Hadijatu ba ta motsa ba.

"Dije."

"Ba ya Zango, Yaya."

"Yana ina?"

Hadijatu ta fashe da kuka.

"Da ya bar ƙofarki da safe, tawa ya zo. Da jaka a hannu. Sallamar bankwana ya zo yi miki. Motar Damagaram zai hau, daga can Agadas, wai akwai masu tsallakawa Libiya. Ya roƙe ni kada in faɗa sai ya yi nisa."

"Hamada?" in ji Inna Laraba, ta dafe ƙirji. "Yaron da ko Kano bai taɓa kwana ba?"

"Ya ce in ce miki ki yafe masa. Ya ce bai san abin da za ki yafe ba, amma ki yafe."

"Yaushe motar?"

"Ya ce in an yi la'asar."

Kamar ladan yana jiran a ambace shi. Daga masallacin unguwa aka ɗaga murya.

Haulatu ta fizgi hijabin Adawiyya daga kanta, na'urar ta faɗi ƙasa. Alhaji ya tare ƙofa.

"Yaya, kaset ɗin tukuna. Ki yi wa Allah."

"Matsa, Ya'u."

Ba ta taɓa kiransa haka ba. Ya matsa.

Takalmin da ta zura ba nata ba ne, ɗaya ma ba abokin ɗaya ba ne. Rabin kanta a kitse, rabi a tsefe, tsinken na sukar ta ta cikin hijabi. Ita da ba ta taɓa hawa babur ba ta tsayar da ɗan acaɓa a tsakiyar titi.

"Tasha. Wurin motocin Nijar. Yi sauri."

"Hajiya, ki riƙe da kyau."

Ta riƙe da hannu ɗaya. Ɗayan yana kan kaset.

Sun isa ana sallame salla. 'Yan kamasho, masu rake, masu ɗaurin kaya, tasha cike da maza. Wata tsohuwar mota da aka lafta wa buhuna har sama tana fita ta ɗaya ƙofar, tana tari.

A kujerar baya, ta cikin gilashi mai datti, ta ga ƙeyar da ta sani.

Ta buɗe baki. Yaron nan ne ya fara zuwa harshenta. Wancan ya biyo baya. A tashar nan akwai yaron nan ya fi ɗari.

Mutane na kallonta. Wasu sun gane ta, matar marigayi Malam Dabo, wadda ake misali da kunyarta.

Motar ta hau kwalta.

"Saminu!"

Muryar ta tsage. Sunan ya fito a karkace, don bakin bai saba da shi ba.

"Saminu! Na gani! Ba kai ba ne!"

Motar ba ta rage gudu ba.

Amma a kujerar baya, kan ya juyo.